A daina hana yara abinci da sunan maganin kirci

Makon da ya wuce ƙanwata ta turo mini wani bidiyo a WhatsApp, ta rubuta a ƙasansa: "Yaya, duba mini wannan, in saya?" Wata mata ce a bidiyon, tana magana cikin natsuwa kamar malamar asibiti. Ta ce duk yaron da ke fama da kirci cikinsa ne ya lalace, fata tana tona asirin ciki ne kawai. Ta lissafo abubuwan da za a cire masa nan take: madara, ƙwai, alkama, gyada, kifi, waken suya. Daga nan ta ɗago kwalabe uku na ƙwayoyi, ta ce daga tsirrai aka yi su zalla, in an haɗa su da wannan ƙauracewa, cikin wata guda fata za ta koma kamar ta sabon jariri.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, kafin ƙanwata ta tambaye ni zancen ƙwayoyin, ta riga ta cire abincin. Sati shida ke nan 'yarta mai shekara biyu ba ta sha madara ba, ba ta ɗanɗana ƙwai ba. Susa tana nan yadda take. Bayan gwiwa da lanƙwasar hannu sun yi ja sun tsattsage, dare ya yi ba barci, ga yarinya ta fara ramewa. Uwar kuma tana ganin laifinta ne, wai akwai wani abincin da ba ta gano ba tukuna.

Ra'ayina shi ne, kirci ciwon fata ne, a fata ake fara yaƙarsa. Abinci yana da gurbi a wannan magana, amma gurbin ƙarami ne, kuma likita ne ya kamata ya buɗe shi bayan bincike. Hana yaro abinci a kan zato cutarwa ce ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. Ƙwayoyin ƙarin abinci kuwa, mafi yawansu an gwada su an sake gwadawa, ba su cika alkawarin da ake yi da sunansu ba.

Kircin da nake nufi shi ne wanda likitoci ke kira egzima: bushewar fata da ƙaiƙayi mai tsanani da ke lafawa ya dawo, wanda ya fi kama ƙananan yara, kuma yakan zo a gidan da ake da asma ko yawan atishawa. Daban yake da ƙyasbi da makero da ƙazuwa, waɗanda ƙwayoyin cuta ke kawowa kuma kowanne da maganinsa. Kirci ba a ɗaukarsa daga wani. A wasu ƙasashe yana taɓa yaro ɗaya cikin biyar.

Daga ina ciwon yake farawa?

A 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee da ke Sikotland suka gano cewa mutane da yawa masu kirci sun gaji tawaya a ƙwayar halittar da ke sarrafa wani sinadari mai suna filagrin. Shi ne ke taimaka wa saman fata ya haɗe ya riƙe danshi. In ya yi ƙaranci, ruwa yana tserewa daga fata, ta bushe ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙura, sabulu mai kaifi, gumi, gashin dabba, ƙwayoyin cuta, duk su sami hanya, garkuwar jiki ta harzuƙa, ƙaiƙayi ya taso. Yaro ya sosa, fata ta ƙara tsagewa, a koma gidan jiya.

Akwai wani abu a nan da na so kowace uwa ta ji. Gaskiya ne yaran da ke da kirci sun fi sauran yara samun alajin abinci, wato garkuwar jiki ta harzuƙa in an ci wani abinci. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda kircinsu ya yi tsanani suna da shi. Sai dai yawancinmu mun juya lissafin. Muna ɗauka abinci ne ya kawo kircin, alhali abin da bincike ya fi nunawa shi ne kircin ne ke buɗe wa alajin ƙofa. Burbushin gyada ko ƙwai da ke hannun manya ko a ƙurar gida ya shiga ta tsagaggiyar fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin maƙiyi. Da ta baki ya fara shiga, da hanji ya koya wa jiki cewa wannan abinci ne.

Wani likitan yara a Landan, Gideon Lack, shi ya fi bin diddigin wannan. A 2008 shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa yaran Yahudawa da ke Birtaniya sun ninka na Isra'ila kusan sau goma wajen alajin gyada. Bambancin da suka gani shi ne, a Isra'ila ana ba jarirai abin ciye-ciye na gyada tun suna 'yan watanni, a Birtaniya kuwa a lokacin ana hana su. Sun kuma shirya gwaji da jarirai 640 masu kirci mai tsanani ko alajin ƙwai, 'yan wata 4 zuwa 11. Aka riƙa ba rabi gyada a kai a kai, aka hana rabi. Da sakamakon ya fito a 2015, cikin waɗanda aka hana kimanin kashi 17 cikin 100 sun kamu da alajin gyada a shekara biyar, cikin waɗanda aka ba kuwa kimanin kashi 3 ne kacal.

Kafin wannan, likitoci da kansu ne ke cewa a hana. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a jinkirta gyada sai shekara uku ga yaran da ke cikin haɗari. Ta janye shawarar a 2008, kuma a 2017 aka fitar da sabuwar ƙa'ida a Amurka mai cewa a fara ba su da wuri. Likitoci sun yi kuskure, sun gano, sun gyara. Masu bidiyo har yau suna sayar da tsohon kuskuren.

(Kada wani ya karanta wannan ya miƙa wa jariri ƙwayar gyada, tana iya shaƙe shi. Niƙaƙƙiya ake damawa. Jaririn da kircinsa ya yi tsanani kuma, likita ya fara duba shi kafin a gwada.)

"Amma da idona na gani, da na cire madara ya samu sauƙi"

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, domin uwa ba ƙarya take yi ba. Ta gani. Amma kirci ciwo ne mai tashi da kwanciya. Yau fata ta yi luf, jibi ta tashi, ko an canza abinci ko ba a canza ba. Sanyi da bushewar iska suna tayar da shi, zafi da gumi suna tayar da shi, sabon sabulu, rigar ulu, mura, fitowar haƙori, har da damuwa. Kuma yaushe uwa ke yanke shawarar cire abinci? Ranar da ciwon ya kai maƙura. Daga maƙura kuwa sauka ake yi. Sai saukar da za ta zo da kanta a jingina ta ga madarar da aka cire. In ya sake tashi bayan sati biyu, ba a cewa ashe ba madarar ba ce, sai a ce akwai wani abincin kuma. Haka ake cirewa ɗaya bayan ɗaya har kwanon yaro ya koma shinkafa da ruwa.

A 2008 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen magani da auna ƙarfinsu, ta duba gwaji 9 a kan cire abinci saboda kirci. Ba ta ga amfanin cirewa ga kowa da kowa ba. Inda ta ga alamar amfani shi ne jariran da gwaji ya riga ya nuna suna da alajin ƙwai, aka cire musu ƙwai. Wannan shi ne gurbin da nake faɗa: abinci ɗaya, wanda aka tabbatar, ga yaro ɗaya.

Alajin abinci na gaske ba ya ɓuya sosai. Yawanci cikin 'yan mintuna zuwa awa biyu da cin abu sai borin jini ya feso, leɓe ko ido ya kumbura, a yi amai, ko numfashi ya fara sarƙewa, kuma duk ranar da aka sake ci sai ya maimaita. Wanda ya ga haka ya daina ba da wannan abincin ya nemi likita. Akwai kuma yaran da wani abinci ke ƙara musu kirci bayan kwana ɗaya ko biyu. Su ma akwai hanyar ganowa: a gyara kula da fata tukuna, in ba sauƙi a cire abinci ɗaya na 'yan makonni da sanin likita, sannan a mayar da shi a gani. Mayarwar nan ita ce rabin gwajin, kuma ita ce masu bidiyo ba sa taɓa ambata.

"To mene ne asarar in an gwada?"

Asara biyu ce, kuma kowacce babba.

Ta farko yunwa. Madara da ƙwai da kifi su ne ginshiƙin furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi ga ƙaramin yaro. A 2001 wata mujallar likitocin fata a Amurka ta wallafa labarin yara 12 da suka kamu da tamowa mai kumbura jiki a ƙasar da abinci ya wadata, kuma da dama daga cikinsu iyaye ne suka canza musu abinci saboda zaton alajin madara. Ruwan shinkafa da ake sayarwa da sunan madara fari ne kamar madara, amma furotin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Yaron da ba ya samun abin gina jiki, da me fatarsa za ta warke?

Ta biyu ta fi ban tsoro, kuma mutane ƙalilan ne suka san ta. Yaron da ke cin ƙwai lafiya, in aka hana shi watanni, jikinsa yana iya mance sabon da ya yi da shi. Ranar da aka mayar, sai ya yi alajin da a da ba shi da shi. Wani bincike da aka yi a Shikago a 2016 ya bi yaran da aka cire wa abinci saboda kirci, ya tarar kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ba su taɓa yin alaji na nan take ba sun fara yinsa bayan cirewar, wasu ma mai tsananin da ke barazana ga rai. Garin neman gira an rasa ido.

Haka zancen uwa mai shayarwa. Sau da yawa ita ake ɗora wa takunkumin, a ce nononta ne ke ƙona fatar jariri, ta daina cin wannan ta daina cin wancan. Mace ce mai bukatar ƙarin abinci a lokacin, ga rashin barci, sai a ƙara mata da jin laifi. In ba likita ne ya ga dalili na musamman ba, babu abin da ya sa za ta takura kanta.

"Ai gwajin jini na yi, ya nuna abinci ashirin"

Wane gwajin? Akwai wanda ake tallatawa a intanet, a ɗauki ɗigon jini a dawo wa mutum da doguwar takarda mai launin ja da kore. Abin da yake aunawa shi ne sojojin garkuwar jiki da ake kira IgG, su kuwa alama ce kawai ta cewa mutum yana cin wannan abincin. Duk abin da ka saba ci zai fito da ja. Ƙungiyoyin likitocin alaji na Turai da Amurka da Kanada duk sun ce kada a yi amfani da shi wajen gano alaji.

Ko gwajin jini na asibiti mai auna IgE, wato sojojin garkuwar jiki masu alaƙa da alaji, da na soka fata, ba su ke yanke hukunci su kaɗai ba. Yara masu kirci sukan nuna alama ga abincin da suke ci lafiya lau. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa ke fara tambayar abin da ya faru, yaushe, bayan cin me, kafin ya zaɓi abin da zai gwada.

Ƙwayoyin da ke cikin kwalaben

Ban ƙi tsirrai ba. Magunguna da yawa na asibiti daga tsirrai aka samo su. Tambayata ga kowace kwalba ɗaya ce: an gwada ta a kan masu ciwon an kwatanta da ƙwayar da ba komai a cikinta?

An gwada da yawa. Man furen firimros ya yi tashe shekaru a matsayin maganin kirci, har likitocin Birtaniya suna rubuta shi, sai a 2002 hukuma ta janye lasisinsa saboda rashin hujja. A 2013 Cochrane ta tattara gwaji 27 a kansa da wani man irinsa, mutane kusan 1,600, ta ce bai fi ƙwayar banza ba. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani ga hanji kuma, an tattara gwaji 39 a kansu a 2018, mutane kusan 2,600, aka tarar bambancin da suke kawowa ga wanda ya riga ya kamu da kirci kaɗan ne ko babu. Man kifi, zinc, bitamin E, an duba su a 2012, ba a samu hujja mai gamsarwa ba.

Bitamin D ne kaɗai zan ɗan sassauta wa. Wani gwaji a birnin Ulaanbaatar na Mongoliya a 2014, da yara 107 da kircinsu ke tashi a lokacin hunturu, ya nuna sauƙi ga waɗanda aka ba shi. Amma wuri ne mai tsananin sanyi inda ƙarancin bitamin ɗin ya yi yawa. Cike gurbin abin da jiki ya rasa hankali ne. Ɗura wa wanda bai rasa ba kuma yana iya cutar da ƙoda, domin bitamin D taruwa yake yi a jiki.

Kalmar "daga tsirrai zalla" ita ce ta fi yaudara ga mai alaji musamman. Ƙurar furanni ma daga tsirrai take, ita ce kuma ke sa miliyoyin mutane atishawa. An samu waɗanda suka suma bayan shan ƙurar furen da ƙudan zuma ke tarawa, wadda ake sayarwa a matsayin ƙarin lafiya. Zuma kanta ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Man zaitun, da kowa ke yabo, wani gwaji a Sheffield a 2013 ya nuna yana raunana saman fata in ana shafawa, alhali man furen rana bai yi haka ba. Man kwakwa kuma ya yi kyau a wani gwaji da yara 117 a ƙasar Filifin. Ka ga ko a cikin tsirran, gwaji ne ke raba gardama.

Sannan a sani, a ƙasashe da yawa ba a tilasta wa mai sayar da ƙarin abinci ya tabbatar yana aiki kafin ya kai kasuwa. A Amurka doka ce ta 1994 ta ba su wannan sassauci.

"Man sitiroyid yana lalata fata"

A ganina wannan tsoron ne tushen komai. Ƙanwata tana da man sitiroyid, mai kwantar da ja da ƙaiƙayin fata, wanda likita ya rubuta, yana cikin durowa ba ta buɗe ba, saboda ta ji an ce yana sirantar da fata. Tsoron yana da asali. Mai ƙarfi in aka daɗe ana lafta shi, musamman a fuska, ba tare da kulawa ba, yana yin illa. Amma waɗannan mayukan hawa-hawa ne, daga mai sauƙi irin haidirokotizon da ake amfani da shi tun 1952 har zuwa mai tsananin ƙarfi. In an zaɓi wanda ya dace, aka shafa a inda ya tashi na 'yan kwanaki, kashe wutar yake yi fata ta samu damar haɗewa.

Ga abin da ya fi ba ni takaici. A 1999 likitoci a wani asibitin Landan suka kai mayukan ganye 11 da majinyatansu ke shafawa ɗakin gwaji, suka tarar 8 suna ɗauke da sitiroyid da ba a rubuta a jikinsu ba. A 2003 aka sake irin wannan a Ingila da mayuka 24 da iyaye suka kawo, 20 suna da sitiroyid, mafi yawansu mai ƙarfi. Iyayen nan gudun sitiroyid suka yi, suka ƙare suna shafa wa fuskar jariransu mafi ƙarfinsa ba su sani ba. Duk man "ganye" da ya share kirci cikin kwana biyu, a tuhume shi.

Zan yarda da masu suka a wuri ɗaya, kuma da zuciya ɗaya. Likitoci da yawa suna da hannu a wannan gudun. Uwa ta zo da yaron da ya hana gida barci wata uku, a ba ta minti biyar da takardar magani, ba a nuna mata yawan da za ta shafa ba, ba a gaya mata ciwon zai dawo ba. In ya dawo sai ta ce maganin bai yi ba. Matar bidiyo kuwa ta ba ta minti ashirin, ta ba ta dalili, ta ba ta abin yi da hannunta. Wanda ya saurare ka shi kake bi. Likitan da ke son a daina sayen kwalabe, sai ya zauna ya yi bayani.

Abin da ke aiki

Ba shi da armashi, shi ya sa ba a yi masa bidiyo. Mai mai kauri marar turare, irin su basilin, a shafa ko'ina sau biyu ko fiye a rana, har ranar da fata ta yi kyau. Hukumar tsara ƙa'idojin magani ta Birtaniya tana lissafa gram 250 zuwa 500 a mako ga yaro, abin da ya ninka abin da yawancinmu ke shafawa nesa ba kusa ba. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi kaɗan, a rage sabulu, a shafa mai kafin jiki ya gama bushewa. Tufafin auduga, farce a yanke. In ya tashi, man likita da wuri. In fata ta fara tsatsafo ruwa ko ɓawo mai ruwan ɗorawa, ko ƙuraje masu zafi suka feso da zazzaɓi, asibiti a ranar.

Mai alajin abinci da aka tabbatar kuma, abin da ke tsare ransa shi ne guje wa wannan abincin, karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, da allurar adirenalin a kusa in likita ya rubuta. Babu ganye ko ƙwayar ƙari da ke buɗe maƙogwaron da ya fara rufewa, kuma duk mai cewa kwalbarsa za ta sa a ajiye allurar nan wasa yake da ran mutane.

Na ce wa ƙanwata kada ta sayi komai, kuma kada ta mayar da ƙwai da madara da kanta tunda an yi sati shida, ta koma wurin likita ta faɗa masa duk abin da ta cire da ranar da ta cire. Ta yi shiru a waya, sannan ta ce, "Yaya, ni fa so nake kawai ta yi barci." Na ce ta buɗe durowar nan tun daren yau.